BANKI YA CE A'A, KAYA KUWA SUNA ƊAURE

Daga Akawun Jam'iyya

Ranar wata Talata da hantsi muna zaune a ofis muna shigar da kuɗin kati cikin littafi, sai ga wani ɗan'uwanmu mai sayar da hatsi ya yi sallama, ya zauna bisa benci, ya zaro wata takarda daga aljihu ya miƙo mana. Ya ce, "Malam Akawu, karanta mini wannan ka faɗa mini da Hausa. Yarona ya karanta mini jiya, amma ban yarda ya karanta daidai ba."

Mu da Allah ya sa muka ɗan taɓa boko a makarantar mishan, rabin aikinmu a wannan ofis ya zama karanta wa jama'a takardun Turanci, na sammaci da na haraji da na asibiti. Muka warware muka duba. Layi uku ne kurum. Banki yana gaisuwa, yana baƙin cikin sanad da shi ba zai iya ba shi rancen sayen gidan da ya nema ba, yana kuma fata zai ci gaba da ajiya wurinsu. Ba dalili, ba bayani.

Muka ce, "Alhaji, yaron ya karanta daidai."

Ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ce kome ba. Sa'an nan ya ce, "To, kayana suna ɗaure. Saura kwana 11 in fita."

Da izninsa muke ba da wannan labari, ba tare da sunansa ba, domin in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa.

YADDA YA SAKI RESHE

Shekara 19 wannan bawan Allah yana haya a gida ɗaya. Da adashi, da sayar da shanu biyu da wata 'yar gona da ya gada, ya tara naira miliyan 8. Dillali ya nuna masa gida na miliyan 18, ya tafi banki neman cikon miliyan 10, a kan gidan ya zama jingina har ya gama biya. Wani ma'aikacin bankin ya karɓi takardunsa da fara'a, ya ce masa, "Alhaji, ai an gama, saura sa hannu kurum."

A kan wannan magana ta fatar baki ya ba mai gidan kafin alƙalami na miliyan 2. A kanta ya biya dillali rabin la'ada. A kanta ya gaya wa maigidan hayarsa zai tashi ƙarshen wata, shi kuwa maigida bai yi wata-wata ba ya karɓi kuɗin shekara daga hannun wani sabon ɗan haya. Uwargida ta ɗaure kwanuka, an kwance gadaje, an ciro yara daga makarantar unguwa, maƙwabta har sun fara zuwa sallama. Ana cikin haka takarda ta zo.

Jama'a, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Murmushin akawun banki ba kuɗi ba ne, kuma shi wannan da ke zaune bakin kanta ba shi ke yanke hukunci ba. Akwai kwamiti a can ciki, akwai lauya, akwai mai kimanta gida, ko wannensu kuwa yana iya cewa a'a. Rance bai tabbata ba sai ranar da banki ya ba ka takardar amincewa mai hatimi da sa hannu, ka karanta sharuɗɗan da ke cikinta ka ga duk ka cika su. Kafin wannan rana, duk wanda ya sallami gidan da yake ciki ya saki reshe ya kama ganye.

ABIN DA BANKI KE DUBAWA

Abin da ya fi yi wa ɗan'uwan nan ciwo shi ne ya zaci an raina mutuncinsa. Ya ce, "Malam, shekara 30 ina kasuwa, ban taɓa cin bashin kowa ba. Fatake suna sauke mini mota guda ba rubutu, su dawo su karɓi kuɗinsu." Gaskiya ya faɗa, mun kuwa shaide shi. Amma banki makaho ne ga irin wannan amana, takarda kaɗai yake gani. Ga ƙofofi huɗu da yake tsare mutum a kansu.

Ta fari, abin da ke shigo maka. Ƙa'idar masu rancen gida ita ce kada biyan wata ya wuce sulusin abin da mutum ke samu. Bari mu buga lissafi tare. Rancen miliyan 10 da ruwa 6 cikin 100, a biya cikin shekara 30, yana kamawa kusan naira 60,000 kowane wata. Watau sai mai samun 180,000 a wata. Mafi ƙanƙantar albashin da aka sa wa hannu a shekarar 2024 kuwa naira 70,000 ne. Sulusinsa bai kai 24,000 ba, wanda ba zai jawo rancen da ya kai miliyan 4 ba. Ina gidan miliyan 4 a cikin birni? Wannan fa lissafin rancen gwamnati ne mai sauƙi. A ƙarshen shekarar 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin ruwansa 27.5 cikin 100. In bankin kasuwa ya ba ka miliyan 10 da ruwa 25 cikin 100, ruwan kaɗai ya haura naira 208,000 a wata, ba a taɓa uwar kuɗi ba.

Shi ɗan kasuwa kuma nasa ya fi wuya. Ma'aikaci yana da takardar albashi. Mai hatsi cinikinsa daga hannu sai aljihu, daga aljihu sai hannun manomi. Da banki ya buga takardar shige da ficen asusunsa, sai ya ga miliyan 8 sun faɗo rana ɗaya, kafin nan kuwa asusu yana barci. A idon banki wannan mutum ba shi da sana'a, ko da buhunansa sun kai rufi.

Ta biyu, shekaru. Masu rance suna so a gama biya kafin mutum ya kai shekarun ajiye aiki, galibi 60. Mai shekara 45 ke nan saura masa 15, sai biyan wancan rance ya tashi daga 60,000 ya haura 84,000 a wata. Talaka kuwa ba ya tara kafin alƙalami sai furfura ta fara fito masa.

Ta uku, tsohon bashi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma yanzu hanjin a waje yake. Tun da aka fito da lambar BVN a shekarar 2014, duk asusun mutum an ɗaure su da igiya ɗaya, akwai kuma kamfanoni uku masu lasisi da ke ajiye tarihin bashin jama'a, bankuna suna leƙawa kafin su ba da rance. Ɗan bashin waya na naira 15,000 da aka manta, ko wanda ka tsaya wa ya gudu, yana iya rufe maka ƙofar miliyan 10.

Ta huɗu, takardar gidan. Nan ne kura take kwance.

TAKARDAR MAI UNGUWA DA TAKARDAR GWAMNA

Muka rubuta wa bankin wasiƙa da sunan ɗan'uwan nan muna neman dalili. Bayan zirga-zirga aka gaya masa. Gidan da zai saya yana da takardar mallaka ta gwamna, amma da sunan mutumin da ya fara gina shi, wanda ya rasu tun da daɗewa. Magada suka sayar wa wani, wannan ya sayar wa wani, kowane ciniki da takardar hannu, da shaidu, da hatimin mai unguwa. Duk unguwa ta san mai gidan. A littafin ofishin ƙasa kuwa har yau gidan na mamaci ne.

Ku duba garuruwanmu, ku ƙirga gida nawa ne ba haka suke ba. Gidan gado, filin da aka saya hannun manomi aka yanka awon igiya, gidan da kaka ya samu daga dagaci. Kusan duk dukiyar talaka ke nan, banki kuwa ba ya karɓar ko ɗaya jingina.

Wannan abu yana da tushe, ya kamata kowane ɗan jam'iyya ya san shi. A shekarar 1910 Turawa suka yi shela cewa duk ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, shi zai riƙe ta domin 'yan ƙasa. Bayan mulkin kai, dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta ɗauki wannan iko ta damƙa wa minista. A shekarar 1978 mulkin soja na Janar Obasanjo ya kafa Dokar Amfani da Ƙasa, ya shimfiɗa wannan tsari a Nijeriya duka: ƙasar kowace jiha tana hannun gwamnanta amana, mutum yana da haƙƙin zama ne da amfani. Sashe na 22 na dokar ya ce mai irin wannan haƙƙi ba zai sayar ba, ba zai jinginar ba, sai da yardar gwamna.

A shekarar 1989 Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar Bankin Savannah da Ajilo. An jinginar da gida a Ikko ba da yardar gwamna ba, bashi ya ƙi biyuwa, banki ya tashi sayar da gida, mai gida ya ruga kotu ya ce jinginar ba ta halatta ba. Kotu ta ce haka ne, har ga wanda ya mallaki wurinsa tun kafin 1978. Tun daga ranar nan bankuna suka zama kamar wanda maciji ya sara, ko tsumma suka gani sai su ja da baya. Ba takardar gwamna da sunan mai sayarwa, ba rance.

To, samun yardar gwamnan fa? Sai ka biya safiyo, ka biya bashin harajin fili, ka kawo shaidar biyan haraji, ka biya kuɗin hatimi da na rajista, in gado ne ka kawo takardar kotu ta rabon gado. Fayil ya hau tebur ya sauka, ya kwana wata da watanni. Mai sayar da gida ba zai jira ba, maigidan haya ba zai jira ba. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ga wannan cuta. A shekarar 2009 ya kafa kwamitin gyaran sha'anin ƙasa a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, ya kuma aika wa majalisa neman gyaran dokar, amma gyaran bai samu ba. Ɗaya daga cikin dalilan wuyar taɓa ta shi ne an dasa ta cikin tsarin mulki, sashe na 315 na tsarin 1999, sai an bi hanyar gyaran tsarin mulki kafin a sake ko harafi ɗaya.

RANAR DA TAKARDA TA ZO

Wanda abin ya riga ya faɗa wa, zagin gwamnati ba zai ba shi wurin kwana ba. Ga abin da muka yi da ɗan'uwanmu, bi da bi, muna kuwa ba kowa shawara ya bi wannan jeri.

Na ɗaya, rufin kanka. Kafin ka koma banki, koma wurin maigidan hayarka a ranar. Kada kunya ta sa ka kwana uku kana ɓoyewa. Mun tafi da mai unguwa da wani dattijon kasuwa. Ɗan'uwanmu ya durƙusa ya ce, "Alhaji, shekara 19 ban taɓa saɓa maka ba, yau ƙaddara ta same ni, ina roƙon wata uku, zan biya tun yanzu." Maigida ya yi faɗa, ya huce, aka kira sabon ɗan hayar, aka samu shi ma bai matsu ba, aka rubuta wata uku aka sa hannu. Ku sani, a dokokin haya na wurare da yawa ɗan hayar shekara yana da notis na wata 6, na wata kuwa wata ɗaya, in ba a rubuta wani abu dabam cikin yarjejeniya ba. Wanda ya ce zai tashi da bakinsa ya rage wa kansa wannan hujja. Duk da haka maigida ba shi da ikon cire ƙofa, ko yaye kwano, ko watso kaya waje da hannunsa, tilas ya bi ta kotu. Amma mu shawararmu a fara da dattawa. Abin da lallashi ya samo cikin yini ɗaya, shari'a ba ta samo shi cikin wata shida, zumunci kuma ya lalace.

Na biyu, kafin alƙalaminka. Je wurin mai sayarwa da shaidun da aka yi ciniki gabansu. In laifin daga takardarsa ne, kana da bakin magana, domin ya sa a kasuwa abin da ba zai iya miƙawa cikakke ba. Ko ya maido kuɗi, ko ya ba da wa'adi a rubuce a gyara takarda da kuɗinsa. Namu da ƙyar aka maido masa miliyan ɗaya da dubu 700, sauran wai an taɓa. La'ada kuwa ta tafi ke nan.

Na uku, dalili a rubuce. Kada ka karɓi "daga sama ne" a bakin kanta. Rubuta wasiƙa, ka riƙe kwafi, a buga maka hatimin karɓa. Dokar tarihin bashi ta shekarar 2017 ta ba kowa ikon karɓar rahoton bashinsa kyauta sau ɗaya a shekara, da ikon ƙin yarda da kuskuren da ya gani ciki har a gyara. Mun sha ganin bashin da aka biya tuni yana nan a rubuce kamar ba a biya ba. In ka kai kuka banki a rubuce ya yi biris da kai, Babban Bankin Nijeriya yana da sashen kare masu hulɗa da bankuna, can ake ɗaukaka kuka.

Na huɗu, karɓo takardunka na asali duka, ka ƙirga su a gabansu, ka nemi rasit na duk kuɗin da aka cire maka.

Na biyar, kame ƙafarka. Mai zafin rai yakan fita daga wannan banki ya faɗa wancan, ko wanne ya karɓi kuɗin kimanta gida da na binciken takarda, waɗanda ba a maidowa, amsa kuwa ɗaya ce, tun da ciwon ba a yi maganinsa ba. Mafi muni shi ne mai ba da bashi da ruwa na wata-wata, da bashin waya, da mutumin nan mai jaka da zai raɗa maka yana da hanya a ciki, ko zai buga maka takardar albashi ta ƙarya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ƙarshensa rasa kuɗi ne da tsayawa gaban alƙali. Miliyan 8 ɗin nan gumin shekara 19 ne, kada a ƙone su cikin mako biyu don gudun dariyar maƙwabta.

KAFIN A SAKE ƊAURA KAYA

Wanda yake da niyya nan gaba, ya fara daga inda ɗan'uwanmu ya ƙare. Kafin kwabo ya fita, a ɗauki lauya ya binciki gidan a ofishin ƙasa, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, a ga sunan wa ke kai, a ga ko an riga an jinginar. Kafin alƙalami kuwa a rubuta shi da sharaɗi a fili: in banki bai ba da rance ba zuwa rana kaza, kuɗi su dawo cif. Mai sayarwar da ya ƙi wannan sharaɗi ya gaya maka abin da ya sani game da takardarsa. La'ada sai ranar karɓar mabuɗi. Sallamar maigidan haya ita ce ta ƙarshe, ko da za ka yi hasarar hayar wata biyu. Hasarar wata biyu ta fi kwanan iyali a zauren suruki.

'Yan kasuwa, ku riƙa bi da cinikinku ta asusu, ko da za ku cire da yamma. Shekara guda ta shige da fice ita ce takardar albashinku. Ku riƙe littafin ciniki, ku ajiye rasit na haraji da na rumfa.

Akwai kuma waɗansu ƙofofi ban da bankin kasuwa. Bankin jinginar gidaje na tarayya, wanda asalinsa kamfani ne da aka kafa a 1956 aka mai da shi banki a 1977, shi ke riƙe da Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992. Ana zuba kashi 2.5 cikin 100 na abin da mutum ke samu a wata, wanda ya yi wata 6 yana zubi yana iya neman rance da ruwa 6 cikin 100 har shekara 30, ta hannun ƙananan bankunan jingina da aka amince da su. Mai sana'ar kansa ma yana iya shiga. Ma'aikacin da ya yi wata 60 ana zuba masa kuɗin fansho, ƙa'idar da hukumar fansho ta fitar a 2022 ta yarda ya ɗebi har rubu'in abin da ya tara ya biya kason da ake nema daga gare shi. Waɗanda addini ya hana su taɓa ruwa, akwai bankuna marasa ruwa, Jaiz tun 2012, TAJ tun 2019, inda ake bi ta hanyar ciniki ko haya mai ƙarewa da mallaka. Amma kada mu ruɗe ku: ko wacce cikin ƙofofin nan za ta tambayi takardar gida, za ta kuma tambayi shaidar samu.

Saura hanyar iyayenmu: sayen fili, a kewaye, a yi ɗaki ɗaya a shiga, a ƙara wani bayan kaka. Da ita aka gina yawancin unguwanninmu. Illarta tsadar kaya, domin a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa. Alherinta kuwa ba mai zuwa ya buga maka takardar gwanjo a ƙofa.

INA LAIFIN YAKE?

Wani zai ce, "Ku 'yan hamayya ba ku da aiki sai kuka. Kuɗin banki ajiyar jama'a ce, in ya ba wanda ba zai iya biya ba, ku ne za ku fara ihu." Mun yarda. Cikin ajiyar nan har da ta mai ƙosai da ta ɗan dako, ba mu kuwa so a watsar. Mun yarda kuma wata ƙin alheri ce: wanda aka hana rance mai ruwa 25 cikin 100 an tsame shi daga rijiya ne bai sani ba. Banki yana da ikon cewa a'a.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a'a ta makara, da a'a marar dalili. Takardar gidan nan tana hannunsu tun makon fari. Me ya hana a duba ta kafin a karɓi kuɗin kimantawa? Me ya hana a ce wa mutum, "Alhaji, kada ka motsa tukuna"? Kuma ba mu yarda da tsarin da ke yankar kashi 2.5 daga albashin masinja da malamin firamare da leburan asibiti ba, alhali lissafin da muka buga a sama ya nuna yawancinsu ba za su taɓa isa rancen da zai sayi gida ba. Kuɗin ƙananan ma'aikata ke nan ake tarawa a ranta wa manya. An ce za a maido wa mutum zubinsa da ɗan ruwa in ya ajiye aiki. Ku tambayi kanku abin da naira 1,000 ta shekarar 1995 za ta saya yau.

Saboda haka muna kira ga masu mulki da abu biyar, muna kuma so kowane reshe ya karanta su a taron mako.

1. A tilasta wa kowane banki ya rubuta dalilin ƙin rance cikin kwanaki ƙididdigaggu, da Turanci da harshen da mai nema ke ji.

2. A binciki takardar gida tun farko, kafin a karɓi wani kuɗi mai nauyi daga hannun mai nema.

3. Gwamnoni su bi unguwa-unguwa da safiyo da masu unguwanni a ba tsofaffin gidaje takardar mallaka da kuɗi kaɗan ƙayyadajje, a manna farashin a bangon ofis kowa ya gani.

4. A yanka wa yardar gwamna wa'adi, majalisa kuma ta ɗauko gyaran da aka bari tun 2009, a cire jingina daga abin da ke jiran sa hannun mutum ɗaya.

5. A karɓi littafin adashi, da rasit na rumfa, da shaidar ƙungiyar kasuwa, su zama hujjar samu ga wanda ba ya cin albashi.

Mu kuma kada mu zauna jiran gawon shanu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan layin hatsi, da 'yan atamfa, da mahauta, da teloli, kowane rukuni yana iya kafa ƙungiyar gama kai mai rajista da asusu da littafi, su sayi fili babba da takarda ɗaya sahihiya, su ɗauki lauya ɗaya, su yanka wa junansu. Mutum 40 da suka je ofishin ƙasa tare, fayil ɗinsu ba ya ɓata kamar na mutum ɗaya.

Ɗan'uwanmu mai hatsi ya kwance kayansa, yara sun koma makaranta. Ya sami haya a wata unguwa kafin wata ukun su cika, ya sayi fili mai takarda a bayan gari, jiya ya zo ya gaya mana an fara haƙa tushe. Da zai fita ya ce, "Malam Akawu, ka rubuta a jarida, ka ce kada wanda ya ɗaure tabarmarsa sai ya ga mabuɗi a tafin hannunsa." Mun rubuta, Alhaji.

Duk ɗan'uwan da irin wannan takarda ta zo masa, ya kawo ta ofis a ranar da ta zo, kada ya bari ta kwana. Karatu da rubuta amsa ba a biyan ko kwabo. Allah ya rufa mana asiri, ya ba kowane talaka inuwar da ba mai tashinsa, amin.